Mashayun Bakin Ruwa na Chesapeake

Mashayun bakin ruwa na Chesapeake wuraren ci da sha ne da aka gina a kan dandamalin katako a gaɓar mashigin tekun Chesapeake, a jihohin Maryland da Virginia na Amurka. Abin da ya bambanta su da sauran gidajen abinci shi ne suna da matsayar jiragen ruwa, mutum ya zo da jirginsa ya ɗaure, ya hau ya ci abinci. Kasuwarsu tana ci ne daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba. Da sanyi ya shigo, da yawa suna rufe ɓangaren waje ko su rufe gaba ɗaya.

Tarihi

Tsawon mashigin ya kai kimanin kilomita 320, kuma cikin mashigan da ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, shi ne mafi girma a Amurka. Tun ƙarni na 19 arzikin mutanen gaɓarsa ya dogara da kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, da ƙaguwa. A tsakiyar shekarun 1880 Maryland kaɗai tana fitar da kwandon kawa wajen miliyan 15 a shekara, kowane ƙauyen masunta yana da rumfunan ɓare kawa da gidajen tsince naman ƙaguwa, duk a bakin ruwa domin jirage su sauke kaya kai tsaye. Yawan kamu da gurɓatar ruwa sun rage kawar, daga baya cututtuka biyu, MSX da Dermo, suka kusa ƙarar da ita a shekarun 1980. Rumfuna suka yi ta rufewa, aka bar dandamali da filaye masu ruwa mai zurfi a gabansu.

Kafin nan kuwa hanya ta riga ta buɗe. Gadar Chesapeake, wadda aka buɗe a 1952 aka ƙara mata ta biyu a 1973, ta sa mutanen Baltimore da Washington suna isa gaɓar gabas ta mashigin cikin sauƙi. Jiragen shaƙatawa na roba mai ƙarfi suka yi araha. Wasu iyalan masunta suka fara dafa abin da suka kamo suna sayar wa baƙi a inda dā suke sayar wa dillalai. Kent Narrows, matsatsin ruwan da ya raba tsibirin Kent da gaɓar gabas, shi ne misali mafi bayyana: wurin da dā ya cika da gidajen sarrafa kawa yanzu nan ne Harris Crab House da Red Eye's Dock Bar da The Jetty suke. Gidan abincin Cantler's, a rafin Mill kusa da Annapolis, babban birnin Maryland, ya fara aiki wajen 1974. Tiki Bar na tsibirin Solomons ya buɗe kusan 1980, kuma dubban mutane kan halarci bikin buɗe shi kowace shekara.

Gini da ɗaure jirgi

Ana kafa dandamalin a kan turakun katako da aka jiƙa da magani, saboda tsutsar ruwa da ke huda katako daga ciki har ya rube ba a gani ba. Hawa da saukar ruwa ba su da yawa, a Annapolis bai wuce kimanin santimita 30 ba, shi ya sa matsaya kafaffiya ta wadatar a wurare da dama. Iska ce matsala. Idan ta daɗe tana kaɗowa daga kudu sai ruwa ya taru ya hau dandamali, ta arewa kuwa tana kore shi har jirgi ya zauna a laka. Guguwar Isabel ta watan Satumban 2003 ta shafe gine-ginen bakin ruwa da yawa, bayanta an ɗaga benaye da wayoyin lantarki.

Mai zuwa da jirgi yana rage gudu tun daga nesa, domin a wurare irin waɗannan iyakar gudu kimanin kilomita 11 ce a awa. Yakan rataya robobin kariya biyu ko uku a gefe, ya shirya igiyar gaba da ta baya, da ta uku wadda ke hana jirgi zamewa gaba ko baya. Ana tunkarar matsaya ne ana fuskantar ruwa ko iska. Wanda ya bi bayansu jirgi kan ƙwace masa, abin da ake yawan gani a Kent Narrows inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Igiyar da aka ɗaure tamau a matsaya kafaffiya tana iya tsinkewa ko ta karkatar da jirgi idan ruwa ya sauka. In wuri ya cika, jirage kan ɗaure da juna gefe da gefe, babba a ciki. Yaran da ke kama igiya ana ba su ɗan ihsani.

Abinci da abin sha

Shuɗiyar ƙaguwa ce kan gaba. Ana turara ta da ranta na minti 20 zuwa 30 a kan ruwa da ruwan tsami ko giya, a barbaɗe ta da yaji da gishiri, a zube a tebur da aka shimfiɗa wa takarda, a fasa da ƙaramar gudumar katako. Yajin da ya fi suna shi ne Old Bay, wanda Gustav Brunn, ɗan gudun hijira daga Jamus, ya haɗa a Baltimore wajen 1939. Ana kamun ƙaguwa a Maryland daga 1 ga Afrilu zuwa tsakiyar Disamba, amma ta fi ƙiba a Satumba da Oktoba, bayan yawancin baƙi sun watse. Barasar da ta yi suna a wuraren ita ce Orange Crush, mai ruwan lemo, wadda ake danganta asalinta da garin West Ocean City na Maryland a 1995.

Doka da saɓani

Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba barasa. Tuƙa jirgi cikin maye laifi ne, iyakar ma'aunin barasa a jini 0.08 ce kamar ta mota, kuma 'yan sandan albarkatun ƙasa na Maryland suna sintiri. Rana da jijjigar jirgi suna ƙara wa barasa ƙarfi, ga hadarin la'asar da kan taso ba zato daga yamma. Maƙwabta kan koka da ƙarar kiɗa, ana kuma jayayya kan ƙaguwar da ake kawowa daga Louisiana ko ƙasashen waje a sayar da ita a matsayin ta gida.