Dokar Hana Tsangwamar Masu Ƙanjamau: Ba Ta Ce A Ɓoye Wa Mata Ko Miji Ba

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano a 2024, wata magana ke yawo a WhatsApp: wai akwai dokar tarayya da ta bai wa mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau damar ɓoye wa matarsa, kuma duk wanda ya fallasa sai gidan yari. Rabin zancen gaskiya ne, rabi ƙari.

Dokar da ake nufi ita ce ta hana nuna wariya ga masu ɗauke da HIV, ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu bayan ƙungiyoyi irin su NEPWHAN, wato haɗakar masu ɗauke da cutar a Najeriya, sun sha zarya a majalisa tare da NACA, hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta ƙasa. Ta shafi ma'aikatu, makarantu, asibitoci da wuraren ibada.

Sirrin da dokar ke karewa shi ne daga mai gidan aiki, maƙwabci da ma'aikacin asibitin da ya ga takardar gwaji ya kai labari majalisar shayi. Kamfani ba shi da ikon cewa sai ka kawo sakamakon gwaji kafin ya ɗauke ka aiki. Amma tsakanin ma'aurata dokar ta fito fili: wanda ke ganin yana cikin haɗarin kamuwa daga abokin zamansa yana da haƙƙin a sanar da shi. Kenan mijin da yake shan maganinsa a ɓoye cikin mota, ya cire takardar jikin kwalbar don kada uwargida ta gane, ba wannan doka ce ta ba shi mafaka ba.

Hukuncin gaba ɗaya ga wanda ya karya dokar kuwa tarar da ba ta gaza naira 500,000 ba ga mutum, miliyan 2 ga ma'aikata ko ƙungiya, ko ɗaurin da bai gaza shekara 1 ba, ko duka biyun. A 2014 kuɗi ne mai ciwo. Yau, wallahi, babban kamfani zai biya miliyan 2 bai ko ji a jikinsa ba, ita kuwa ma'aikaciyar da aka kora saboda cutar ba lallai ta iya zuwa kotu ba, domin shigar da ƙarar ma tona asirin kanta ne.