Waiwaye: Kwalin kaset da makomar daraktan fim ɗin Hausa

Duk sanda labari ya fito cewa wani tsohon darakta ko furodusa na fina-finan Hausa ya kwanta jinya har an fara yi masa karo-karo a Facebook, sai tsohuwar muhawarar nan ta sake tashi. Wasu su ce ai lokacin da kakarsu ta yanke saƙa ba su yi tanadi ba. Wasu su ɗora wa masu tura fim a waya, wasu YouTube, wasu kuma su ce fassarar fina-finan Indiya ce ta janye 'yan kallo. Can gefe guda ana wata gardamar a kan fina-finai masu dogon zango: don me labarin da zai ƙare a mako goma ake jan sa har shekara biyu? Muhawarorin nan biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma tushensu ya girmi wayar hannu. Mutumin da ya ba da umarni a fim talatin ko hamsin, waɗansunsu har gobe ana kallonsu a intanet, ta yaya aka yi ko sisi ba ya shiga aljihunsa daga cikinsu?

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. A shekarun 1970 da 1980, mai ba da umarni a wasan kwaikwayon Hausa ma'aikacin gidan talabijin ne: kyamara ta gidan ce, situdiyo nasu ne, albashi yana zuwa ƙarshen wata. A haka aka yi su Samanja a Kaduna da Karkuzu a Jos, sannan tashar talabijin ta CTV ta Kano ta buɗe wa ƙungiyoyin wasan daɓe ƙofa. Da kyamarar bidiyo ta shigo hannun jama'a, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, Salisu Galadanci ne ya ba da umarni. A 1999 fim ɗin Sangaya ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba, a shekarar ce kuma sunan Kannywood, wato masana'antar fim ɗin Hausa, ya fito a mujallar Tauraruwa. Sai dakatar da harkar fim da gwamnatin Kano ta yi a ƙarshen 2000, kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001, da dambarwar 2007 da ta tsayar da ɗaukar fim na watanni. Su ake jerowa duk lokacin da aka zo ba da tarihi.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne wata yarjejeniya ta fatar baki da ta kafu a shekarun 1990 tsakanin masu shirya fim da masu sayar da kaset a kasuwannin Ƙofar Wambai da Bata a Kano, wato tsarin kwali.

Ga yadda yake. Furodusa ya dawo daga lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, an tace hoto, an ɗora sauti, masta, wato kwafin asali, ta fito. To amma ba shi da injinan kwafa, ba shi da jarin sayen dubban kaset marasa komai, ba shi da hanyar kai kaya Sakkwato ko Maraɗi ko Damagaram ko Kumasi. 'Yan kasuwa kuwa suna da duka ukun, domin sun daɗe suna harkar kaset ɗin Indiya da na Amurka, sun san dilolinsu gari-gari. Sai aka raba aiki. Furodusa ya tafi maɗaba'a ya bugo kwali, wato rigar takardar nan mai hotunan jarumai da ake zura kaset a ciki, a ce guda 5,000 ko 10,000 gwargwadon yadda yake jin fim ɗin zai karɓu. Ya raba wa 'yan kasuwa kwalayen, ya ba su kwafin masta. Su ne za su sayi kaset, su jona inji ɗaya mai kunnawa da jerin injina goma ko ashirin masu naɗa, su yi ta zubi dare da rana. Fim ɗin awa biyu, awa biyu cur yake ci a kowane zubi. Kuɗin furodusa shi ne kuɗin kwalin da aka sayar, kuma ba a hannu ake ba shi ba, sai kaya sun tafi. Kwalin da ya yi kwantai a dawo masa da abinsa.

A lokacin dabara ce mai kyau, kuma ba don ita ba da masana'antar ba ta tashi ba. Babu bankin da zai ba matashi ɗan wasan daɓe bashi ya yi fim. Kowa ya kawo abin da yake da shi, kowa ya ɗauki nasa haɗarin. Sai dai a duba abin da aka sa wa farashi: takarda ce. Fim ɗin kansa, da labarinsa da wahalar da aka sha a kansa, ya tafi a matsayin gyara.

Matsalar farko lissafi. Tunda kwali kaɗai ake ƙirgawa, duk kaset ɗin da ya fita tsirara ko ya fita da kwalin da aka bugo a wani wuri, babu shi a littafi. Mai shagon haya ya sayi guda ɗaya ya ba unguwa guda aro kwana-kwana har zaren ya tsinke. A garuruwa masu nisa a kwafa daga kwafi, hoto ya dusashe, murya ta shaƙe, amma ana saye. Sakamakon haka babu wanda ya taɓa sanin ainihin adadin masu kallon wani fim, har shi furodusan. Daraktan da bai san kaset nawa fim ɗinsa ya sayar ba kuwa, da me zai kafa hujja ya nemi ƙari a aiki na gaba?

Ta biyu, kwali fuska yake sayarwa. Mai saye ya tsaya gaban teburi, abin da idonsa ke gani shi ne jarumi da jaruma, sunan darakta yana can a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Don haka tambayar da ɗan kasuwa yake yi kafin ya ce a kawo masa kwali 500 ita ce: “Su wa da wa ne a ciki? Waƙa nawa ce?” Ba laifinsa ba ne, abin da masu saye ke tambayarsa ke nan. Tirela ma, wato tallar fim, a farkon wani kaset ake liƙa ta, kuma waƙa ce ke jan hankali a cikinta, shi ya sa sau da yawa waƙar ake fara ɗauka, a wani lokacin ma kafin a gama rubuta labarin. Kasafin kuɗi ya karkata wajen fuskokin da ke sayar da kwali, darakta ya koma mai jiran lokacin jarumin da ke da lokeshan uku a mako ɗaya.

Ta uku ita ce ta haifi abin da ake kuka da shi yau. Fim ɗaya kwali ɗaya ne. In aka raba shi na ɗaya da na biyu, kwali biyu ke nan da kusan kuɗin ɗauka ɗaya. Sai aka fara cewa darakta ya ɗauko abin da zai isa a raba. Duk wanda ya kalli fina-finan wancan zamani ya san irin fitowar nan: mota ta taho daga nesa, ta yi hon, maigadi ya taso ya buɗe ƙofa ɓangare ɗaya sannan ɗayan, a yi fakin, alhaji ya fito ya gyara babbar riga, ya taka har falo, a gaisa a tambayi gajiya da iyali, minti uku sun tafi ba a faɗi komai ba. Ba rashin sanin aiki ne ya kawo wannan ba, cika kaset ake yi. Editan kuma ya nemo daidai inda ran mai kallo ya tsaya ya yanke, a rubuta a tari na biyu.

Ta huɗu ta shafi aljihun darakta kai tsaye. Kuɗin kwali a gutsuttsure yake dawowa, yau kaɗan, wata mai zuwa kaɗan, wani sai an yi ta sintiri. Furodusan da shi kansa bai san ranar da jarinsa zai fito ba, ba zai iya yi wa kowa alƙawarin kaso ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne sallama: a yi jinga, a ba darakta wani abu kafin a fita aiki, cikon “idan fim ya fita”. Daga nan an rabu, fim ya yi kasuwa ko ya faɗi. Tunda kuɗin aiki ɗaya ba ya riƙe gida, dole ya yi da yawa, sai ma'aunin gwanintarsa ya koma sauri: fitowa nawa yake iya ɗauka a yini, zai iya kammala fim cikin mako guda ko kwana goma? A irin wannan gudun ne ake rasa gwajin wasa kafin ɗauka, a ji ƙarar janareta a bayan magana, a ga jaruma ta shiga ɗaki da ɗankwali ja ta fito da kore. Masu wayo daga cikin daraktoci suka gane inda kuɗi yake, wasu suka koma furodusoshi, wasu suka shiga gaban kyamara don fuskarsu ta hau kwali. Bayan Sangaya kuma 'yan kasuwa da dama suka fara zuba nasu jarin suna shirya fim, darakta ya zama ɗan ƙwadagon da ake kira a sallama.

Abin mamaki, doka ba ta rufe ƙofa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 1988, wadda ke aiki a lokacin, ta ce mai fim shi ne wanda ya yi tanadin shirya shi, sai dai idan waɗanda suka yi aikin sun ƙulla wata yarjejeniya dabam a tsakaninsu, ta kuma ce mayar da haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Wato darakta yana iya neman a rubuta masa kaso. Amma a sana'ar da aka gina a kan maigida da yaronsa, inda mutum ya fara da riƙe fitila ko kwantiniti, wato lura da daidaituwar fitowa da fitowa, a ƙarƙashin wanda yanzu ya ba shi aiki, cewa “a rubuta” daidai yake da cewa ban yarda da kai ba. Kunya ta hana, aka bar shi a amana.

Da faifan CD ya kori kaset a shekarun 2000, injinan zubi suka zama tarkace, domin faifai a masana'anta ake buga shi da yawa. Sai aka koma sayar da haƙƙin CD ɗungurungum: a ba furodusa dunƙulen kuɗi sau ɗaya, mai saye ya buga iya son ransa. Al'adar sallama ta hau sama ke nan, ta kama furodusan shi ma. Lokacin da shagunan tura fim a waya suka cika kowane lungu, ga fassarar Indiya tana fitowa kusan kullum, kasuwar faifai ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, kuma ba a samu wani tsohon tsarin biyan kaso da za a kare ba, tunda dama ba a taɓa yin sa ba.

Zuwan tashar talabijin ta Arewa24 a 2014 ya dawo da wani abu na zamanin talabijin, aiki mai tsari da rubutacciyar yarjejeniya, amma tasha ɗaya ba za ta ɗauke masana'anta guda ba. Wajen 2020 akasarin masu shiryawa suka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango. A karon farko lissafi ya fito fili, kowa yana ganin adadin kallo a ƙarƙashin bidiyo. Ƙa'idar can a bayyane take: tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin ta fara samun kuɗin talla, mai tasha ya ɗauki kashi 55 cikin 100 na kuɗin, bidiyon da ya kai minti 8 ana iya sa masa talla a tsakiya. Tallar da ake nuna wa mai kallo a Kano ko Yamai ba ta kai kuɗin ta mai kallo a Saudiyya ko Ingila ba, don haka sai an tara kallo mai yawa, kowane mako, ba fashi. Tsohuwar dabarar na ɗaya da na biyu ta samu fili marar iyaka: zango na biyar, zango na goma, motar alhaji tana nan tana shigowa gida. Kuɗin kuma asusun mai tasha yake faɗawa, darakta a sallame shi a kan kowane kashi ko kowane zango, ko da bidiyon zai ci gaba da kawo kuɗi shekaru biyar masu zuwa.

Tsofaffin fina-finan kaset ɗin ma sun farfaɗo a can, kuma a kansu ne rigima ta fi zafi. Fim ɗaya sai ka ga mutum uku suna ja: furodusan da ya zuba kuɗi tun farko, wanda ya sayi haƙƙin CD yake ganin ya haɗa da intanet, da wanda ya tsinci tsohon kaset a kwaba ya juye shi a kwamfuta ya riga kowa ɗorawa. Duk wanda zai kai ƙara a sauke bidiyon ana iya neman ya nuna shaidar mallaka, alhali yawancin cinikin nan a bakin shago aka yi shi, shaidun wasu sun rasu, mastar kuma ko ta ɓata ko danshi ya cinye ta. Daraktan da sunansa ke fitowa a farkon fim ɗin ko cikin masu jayayyar ba ya ciki.