Yash Chopra: tambayoyin da na gaji da amsawa

Ga su nan a wuri guda. Duk wanda ya sake turo ɗaya daga ciki, nan zan nuna masa.

Shi ne ya ba da umarnin Dilwale Dulhania Le Jayenge?

A'a. Ɗansa Aditya Chopra ne, a 1995. Shi Yash Chopra furodusa ne kawai a fim ɗin. Mohabbatein ma na Aditya ne, Kuch Kuch Hota Hai kuma na Karan Johar. Ba duk fim ɗin da Shah Rukh Khan ya ware hannuwa a ciki ne na Yash Chopra ba, don Allah.

To wane ne shi?

Darakta ne kuma furodusan finafinan Indiya. An haife shi a Lahore, da ke Pakistan a yau, a 1932, ya rasu a Mumbai ranar 21 ga Oktoba, 2012, bayan zazzaɓin dengue. A hannun yayansa B. R. Chopra ya koyi aikin. Fim ɗinsa na farko ya fito a 1959, ya kafa kamfanin Yash Raj Films a 1970.

Ai jarumi ne ke yin aikin, darakta mene ne nasa?

Wannan tambayar ce ke ɓata min rai. Wa ya zaɓi jarumin? Wa ya ce kyamara ta tsaya a kan fuskar uwa maimakon ta ɗan da ke magana? Wa ya yanke inda waƙa za ta shigo da inda za a yi shiru? Kuna haddace sunan jarumi da na bos, amma da sunan mai ba da umarni ya fito a allo sai ku wuce da shi gaba. Ku daina.

Gaskiya ne shi ne sarkin finafinan soyayya?

Rabin gaskiya ce, kuma ta cuce shi. Fim ɗinsa na farko, Dhool Ka Phool, labarin wani Musulmi ne da ya tsinci jaririn da aka yasar ya raine shi. Dharmputra na 1961 kan rabuwar Indiya da Pakistan yake da tsattsauran ra'ayin addini. Ittefaq na 1969 ko waƙa ɗaya babu a cikinsa. Deewaar na 1975 kuwa, wanda ya ƙara tabbatar da Amitabh Bachchan a matsayin fusataccen saurayi, rikicin 'yan'uwa biyu ne: ɗaya ɗan fasa-ƙwauri, ɗaya ɗan sanda, uwa a tsakiya. Ina furanni a nan?

Ta yaya zan gane hannunsa a fim, kuma da wanne zan fara?

Yawwa, yanzu aka yi tambaya, sai dai amsar ba ta miƙe ba. Fim aikin gayya ne. Deewaar ɗin da nake yabo, Salim Khan da Javed Akhtar ne suka rubuta shi, kuma akwai masu cewa ƙarfinsa duk daga alƙalaminsu yake. Ba zan ce ƙarya suke ba. Haka Veer-Zaara na 2004: kiɗansa daga tsofaffin sautukan mai tsara kiɗa Madan Mohan aka ɗauko, mutumin da ya rasu tun 1975. Ka ga ke nan ba komai ne za ka danganta wa darakta ba, ko da yake yanke shawarar tono waɗannan sautukan ma ai aiki ne.

Abin da nake ganin ya fi, kada ka yi hukunci da fim ɗaya. Ɗauki biyu da suka yi nisa da juna, misali Deewaar da Chandni na 1989, ka nemi abin da bai canja ba duk da an canja marubuci da jarumai da zamani. Ni abin da nake gani shi ne mutum tsakanin abu biyu da duka yake da hakki a kansu: so da alkawari, uwa da doka, zuciya da mutuncin gida. Sau da yawa babu mugu na ainihi, kowa da hujjarsa. Na ce sau da yawa, domin Darr na 1993 yana nan, inda Shah Rukh Khan ya fito a mai bibiyar mace har abin ya zama hauka. Amma ko a can, lura da yadda kyamara ke manne da shi har ka kusa tausaya masa.

Wanda za ka fara da shi kuwa ya danganta da kai. In ba ka da haƙurin tsohon hoto, fara da Veer-Zaara: matuƙin jirgin sojan Indiya da 'yar Pakistan, da shekara 22 a kurkuku, daga hannun mutumin da aka haifa a Lahore. In labari mai zafi kake so, Deewaar. Ban cika ba da shawarar fara da Silsila ba, sai ka saba da shi. In da hali, kalli na asali mai rubutacciyar fassara a ƙasa, domin wanda aka ɗora wa wata murya yakan cinye shirun da darakta ya bari da gangan. In babu hali, kalli wanda ka samu. Ya fi babu.

Na kalli Lamhe ban ji daɗinsa ba. Laifina ne?

Kwantar da hankalinka. A 1991 'yan kallon Indiya ma ba su karɓe shi ba: yarinya ta kamu da son mutumin da ya taɓa son mahaifiyarta, Sridevi ce ta fito a uwar da 'yar. Yau ana lissafa shi cikin mafi kyawun aikinsa. Ka ba shi shekara biyu ka sake gwadawa.

Me ya kai shi Suwizalan?

Duwatsu da ƙanƙara. Da can Kashmir yake zuwa ɗaukar fim, sai rikici ya yi tsanani a ƙarshen shekarun 1980, ya koma Suwizalan. Ya jawo wa ƙasar 'yan yawon buɗe ido daga Indiya har aka kafa mutum-mutuminsa a garin Interlaken a 2016.

Ya ga fitowar fim ɗinsa na ƙarshe?

Bai gani ba. Jab Tak Hai Jaan ya fito a Nuwamban 2012, makonni kaɗan bayan rasuwarsa. Kuma eh, wannan kam shi ya ba da umarni.