Marcia Griffiths: tauraruwar da ta yarda ta yi wa Bob Marley amshi

Wace ce Marcia Griffiths?

Mawaƙiyar rege ce 'yar Jamaika, an haife ta a birnin Kingston a 1949. In ka taɓa kallon bidiyon Bob Marley a kan dandali, ka ga mata uku tsaye a gefe da dogayen riguna da ɗaurin ɗankwali, suna rausayawa tare suna karɓar waƙa, to ɗaya daga cikinsu ita ce. Sauran biyun su ne Rita, matar Bob, da Judy Mowatt. I Threes ake kiransu.

Da amshi ta fara?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskure. Tun 1964, tana yarinya, ta hau dandali tare da ƙungiyar Byron Lee, daga nan Coxsone Dodd ya ɗauke ta a Studio One, gidansa na ɗaukar waƙa da Bob Marley kansa ya taso a ciki. A 1968 waƙarta "Feel Like Jumping" ta karaɗe Jamaika. A 1970 kuma ita da Bob Andy suka rera "Young, Gifted and Black" ta Nina Simone, har ta kai mataki na 5 a jerin waƙoƙin Birtaniya. A lokacin nan Turawan Ingila da yawa sun san muryarta, ba su ma ji sunan Bob Marley ba.

To me ya kai mai suna irin wannan komawa gefe?

A 1974 Peter Tosh da Bunny Wailer sun riga sun bar Wailers, ƙungiyar da suke waƙa tare da Bob, ya rasa muryoyin da ke tallafe da tasa. Matan nan uku suka toshe giɓin, tun daga faifan Natty Dread har rasuwarsa a 1981.

Ni dai ban taɓa ganin wannan a matsayin ci baya ba. Bahaushe ya san darajar amshi: komai daɗin muryar mawaƙi, in 'yan amshi suka yi sanyi, waƙa ta kwanta. Ka saurari faifan Exodus na 1977 da kunnen basira, ka ji yadda Bob ke jefa baiti su cafe, su mayar masa kafin ya gama jan numfashi. Muryar Marcia mai taushi ce, ba ta kururuwa, amma zare ta ka ji yadda amshin zai rame. Abin da ke min ciwo shi ne yadda ake zuba tarihin Bob Marley a ambaci matan nan a layi ɗaya a wuce.

Ta ajiye nata waƙoƙin a shekarun nan?

Ko kusa. A 1978 ta fitar da faifan Naturally a hannun Sonia Pottinger, macen da ta yi fice a harkar shirya waƙa a Jamaika ta wancan zamani.

Bayan rasuwar Bob fa?

Bunny Wailer ya rubuta "Electric Boogie", ta rera a farkon shekarun 1980. Da aka sabunta kiɗan a 1989 sai waƙar ta kama Amurka, ta haɗu da rawar sahu-sahu da ake kira Electric Slide, wadda har gobe ake takawa a bukukuwan auren baƙaƙen fatar ƙasar. Daga baya ta yi aiki da mai shirya waƙa Donovan Germain a kamfaninsa na Penthouse, tana rera waƙa da mawaƙan da suke sa'annin ƙannenta. A 2023 gwamnatin ƙasarta ta ba ta lambar girma ta Order of Jamaica.