Ma'anar "waƙar daji" ta Ostireliya da matsayinta a adabin Ingilishi

Idan mutumin Ostireliya ya ce "bush", ba kurmi yake nufi ba. Karkara ce mai nisa da biranen gaɓar teku, ƙasar makiyaya da masu askin tumaki. Waƙar daji kuwa ita ce waƙar da ke ba da labari a kan ƙasar da mutanenta, mai tsayayyen kari da amsa-amo, wadda ake karantawa da ka a gaban jama'a, galibi ba kiɗa.

Tushenta Birtaniya ne. Tsoffin waƙoƙin labari na Ingila da Sikotilan suna da baiti mai ɗango huɗu: na farko da na uku bugu (wato gaɓar da murya ke dannawa) huɗu-huɗu, na biyu da na huɗu bugu uku-uku, amsa-amon yana faɗawa kan na biyu da na huɗu. Fursunonin da aka riƙa kaiwa Ostireliya tun daga 1788, cikinsu da Irishawa da yawa, da wannan ƙira suka sauka. Adam Lindsay Gordon, wanda kundinsa ya fito a 1870, shi ya sa mata rigar littafi, har aka kafa gunkinsa a kusurwar mawaƙa ta cocin Westminster Abbey da ke Landan a 1934. Daga nan mujallar The Bulletin, da aka kafa a Sidni a 1880, ta buga waƙoƙin Banjo Paterson da Henry Lawson. A 1892 su biyun suka yi ja-in-ja da baitoci a shafukanta: Paterson yana yabon daji, Lawson yana cewa fari ne da wahala.

Rabuwar hanya ta zo a ƙarni na 20. Mawaƙan zamani irin su T. S. Eliot suka sassauta kari da amsa-amo, waƙa ta koma abin da ake karantawa shiru a takarda, masana jami'a kuma suka riƙa yi wa waƙar daji kallon ta 'yan ƙauye. Wannan raini bai da tushe sosai, domin ita ce ta riƙe abin da waƙar Ingilishi ta faro da shi, wato baki da kunne. Har yau ana karanta ta a gasa da taron karin kumallo, musamman lokacin bikin kiɗan karkara na garin Tamworth, a Ostireliya, a watan Janairu.

Wajen gabatarwa ne ake gane gwani. Karin Ingilishi nauyin murya yake ƙirgawa, ba tsawon gaɓa ba kamar a rubutacciyar waƙar Hausa. Saboda haka kafin hadda, mai karatu kan yi alama a kan kowace gaɓar da murya ke dannawa, ya duba ko adadin bugun ya daidaita ɗango bayan ɗango. Idan bugu ya faɗa kan gaɓar da ba a dannawa a magana, kunne zai ji tuntuɓe nan take. Kuskuren da ya fi yawa shi ne bin karin sau da ƙafa, a tsaya a ƙarshen kowane ɗango kamar ɗalibi yana biya hadda, sai labarin ya mutu. Numfashi a inda jimla ta ƙare ake ɗaukarsa. Marubuta kuma nasu laifin juya tsarin jimla don a samu amsa-amo, abin da alƙalan gasa ke rage wa maki.