Dokar Kariya a Asibiti: Kowane Jini a Ɗauke Shi Mai Cuta

Ƙa'ida guda ce sauran dokokin hana yaɗuwar cuta a asibiti suka rataya a kanta: jinin kowane majiyyaci, da amansa da fitsarinsa da ruwan haihuwa, a ɗauke su tamkar suna ɗauke da cuta, ko da gwaji bai fito ba. Dalili kuwa, mai zazzaɓin Lassa a kwanakin farko ba a rarrabe shi da mai maleriya, mai ciwon hanta kuma garau yake shigowa da ƙafarsa. Ita kanta Lassa a 1969 aka gano ta, bayan ta kashe nas biyu 'yan mishan. Ta farko ta kamu a garin Lassa na Borno, ta biyu kuma a Jos, wajen jinyar ta farkon.

Hannu ne babban dillalin cuta. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade lokuta 5 da dole ma'aikaci ya tsaftace hannunsa: kafin taɓa majiyyaci, kafin aiki irin su allura ko wanke rauni, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majiyyacin, da bayan taɓa abin da ke kewaye da shi. Na ƙarshen nan ana yawan mantawa da shi. Nas ta gyara sandar ƙarin ruwa, ta dafa ƙarfen gado, ta wuce gado na gaba tana ganin ai ba ta taɓa kowa ba.

Da sinadarin goge hannu mai alkohol kashi 60 zuwa 80 cikin 100, ana murzawa daƙiƙa 20 zuwa 30 har hannun ya bushe da kansa. Idan akwai datti ko jini da ido ke gani, sai ruwa da sabulu, daƙiƙa 40 zuwa 60, a bi tsakanin yatsu da babban yatsa da ƙarƙashin farce. Ruwan kuma mai zuba ake so, ko na famfo ko na buta. Roba ɗaya da kowa ke tsoma hannu ciki raba cuta take yi, haka ma tawul ɗaya da ya yini rataye a ƙusa.

Safar hannu ba ta maye gurbin wankin. Wanda ya sa guda tun safe yana zagaye da ita, kansa kaɗai ya kare, yana ta kwasar ƙwayoyin cuta daga wannan gado zuwa wancan. Majiyyaci ɗaya, safa ɗaya, a cire a jefar a wanke hannu. Inda jini kan fantsama, kamar ɗakin haihuwa, a ƙara da takunkumi da tabarau da rigar leda.

Batun allura ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Doka ta hana mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita, domin a nan ne take yawan sokar yatsa. Kai tsaye ake jefa ta, haɗe da sirinjin, cikin akwatin allura, akwatin kuma ya kasance kusa, inda hannu zai kai. Da ya cika kashi 3 cikin 4 sai a rufe, ba a danna shi don a samu wuri. Wanda allura ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ya matse ko ya tsotsa, ya kai rahoto nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, gara ma a sa'o'in farko, a sha kwana 28. Jama'a sun fi tsoron ƙanjamau, alhali haɗarinsa daga sukar allura kusan 3 ne cikin 1,000, na ciwon hanta nau'in B kuwa yakan kai 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Ma'aikacin da bai kammala allurai 3 na rigakafin ba, har da mai shara, yana wasa da ransa.

Jinin da ya zube a ƙasa a fara kwashe shi da abin da za a jefar, sannan a zuba bilic mai ƙarfin 0.5 cikin 100. Idan na kwalba mai 3.5 ne, awo 1 ake haɗawa da awo 6 na ruwa. Kullum sabon haɗi ake yi, don na jiya ƙarfinsa ya ragu, musamman idan ya sha rana.

Shara kuwa tun daga bakin gado ake raba ta: baƙin kwando na tarkace irin na gida, ruwan ɗorawa na auduga da bandeji masu jini. Kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da haɗari, amma da an cakuɗa duka ta zama mai cuta.

Nauyin bai tsaya kan nas kaɗai ba. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 sun ce asibiti ya samu ƙwararre guda mai aikin hana yaɗuwar cuta kaɗai ga kowane gado 250, kuma shugabanni su samar da ruwa da sabulu da akwatunan allura. A Najeriya hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ce ke jan ragamar shirin. Masu jinya ma dokar ta shafe su, tunda a asibitocinmu su ke kwashe fo da wanke zanin gado. Sai a nuna musu inda sabulu yake tun ranar da aka ba ɗan'uwansu gado, a kuma ba su safar hannu kafin su taɓa zani mai jini.