Tunawa ta ɗan lokaci da tunawa mai ɗorewa

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa ƙwaƙwalwa tana riƙe abu ta hanya biyu: wani na daƙiƙoƙi kaɗan, wani na shekaru. William James ya bambanta su tun a 1890, amma fasalin da ya fi shahara shi ne na Richard Atkinson da Richard Shiffrin na 1968. A ganinsu, abin da ido ya gani ko kunne ya ji yakan tsaya ɗan ƙiftawa a ma'ajiyar gabɓai. Idan hankali ya kai kansa, sai ya shiga ma'ajiyar ɗan lokaci, daga nan maimaici ya tura shi ma'ajiya mai ɗorewa.

Ma'ajiyar ɗan lokaci ƙarama ce ƙwarai. A 1956 George Miller ya ce takan ɗauki abu bakwai, da ƙari ko ragin biyu. A 2001 Nelson Cowan ya ce huɗu ya fi kusa da gaskiya. Shi ya sa mai karɓar lambar waya mai alƙaluma goma a kasuwar Wad Madani ta Sudan yakan yanka ta gida uku yana nanatawa a bakinsa, kuma da wani ya yi masa sallama sai ta tsere. Lloyd da Margaret Peterson sun gwada wannan a 1959: suka ba mutane baƙaƙe uku, suka sa su ƙirga lambobi da baya don hana su maimaitawa. Bayan daƙiƙa 18 kusan duk sun ɓace.

Wanda ya san halwa, makarantar allon Sudan, a Maiurno ko Gadarif, ya ga wannan fasali da idonsa. Yaro ya rubuta karatunsa, ya yi ta biyawa da ƙarfi yana rangaji har ya zauna, malam ya saurara, sannan a ce ya wanke. Amma malaman ba sa yarda da haddar yini ɗaya, sai an yi ta tilawar abin da ya wuce. Suna da gaskiya. Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya.

Inda fasalin 1968 ya gaza shi ne ɗora komai a kan maimaici. A 1972 Fergus Craik da Robert Lockhart suka ce zurfin fahimta ne ke sa abu ya zauna, don kalmar da aka yi tunanin ma'anarta ta fi wadda aka nanata sautinta daɗewa. Wannan batu ne da ya cancanci kulawar masu koyarwa, domin ɗan Bahaushen da ya tashi da Larabci a bakinsa yana iya fahimtar ma'anar abin da yake haddacewa, don haka yana da abin da zai rataya karatunsa a kai.

A 1974 Alan Baddeley da Graham Hitch suka ce ma'ajiyar ɗan lokaci wurin aiki ce. Akwai sashen sauti, mai riƙe abin da baki zai iya furtawa cikin kamar daƙiƙa biyu, da sashen siffa da wuri, da shugaba mai raba musu hankali. Baddeley ya ƙara sashe na huɗu a 2000, mai haɗa su da tsohon sani.

Ita ma mai ɗorewar ba dunƙule ɗaya ba ce. Endel Tulving ya raba ta a 1972: tuna abin da ya faru da mutum, kamar ranar da ya sauke Alƙur'ani, daban yake da sanin cewa Kogin Nilu biyu suna haɗuwa a Khartum. Akwai kuma iyawar hannu. Henry Molaison, wanda aka cire wa sassan ƙwaƙwalwa har da hifokamfus, sashen da ke taimakawa wajen ajiye sabon abin tunawa, a 1953 saboda farfaɗiya, ya kasa ajiye sabon labari har rasuwarsa a 2008. Duk da haka Brenda Milner ta ga hannunsa yana ƙara gwanancewa kullum wajen zana tauraro ta madubi, alhali ba ya tuna ya taɓa gwadawa.